Daga Kufena Zuwa Yosemite: Tarihin Hawan Dutse da Maƙali Mai Sifirin

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a kan abin da ya saura na ganuwar birnin Zariya da la'asar sakaliya, ya fuskanci yamma, ba abin da zai fara tare masa ido sai Dutsen Kufena. Dutsen nan ya girmi ganuwar, ya girmi sarautar Zazzau, ya kuma girmi sunan Zariya kansa. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta cewa irin waɗannan duwatsu na ƙasar Hausa sun daskare ne a ƙarƙashin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, sa'an nan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya lulluɓe su har suka fito sarari. A jikinsu akwai tsage-tsage, waɗansu ba su wuce a sa yatsa ba, waɗansu kuwa mutum na iya shigewa ciki.

Wannan lacca ta shafi irin tsage-tsagen nan ne, da wata 'yar na'ura da aka ƙera dominsu a ƙasar Amurka, wadda masu wasan hawan dutse suke cusawa a tsaga su rataya rayukansu a kai. A nan za a kira ta maƙali mai sifirin. Ba a ƙasar Hausa aka haifi wannan wasa ba, amma tambayar da ta haifar da maƙalin tsohuwar tambaya ce a Zazzau, watau yaya mutum zai ci moriyar dutse ba tare da ya lalata shi ba. Saboda haka za a fara da matsayin dutse a tarihin Zazzau, daga nan a bi tarihin na'urar da ƙirarta da yadda ake aiki da ita, a ƙarshe a dawo gida a ga darasin da ke ciki.

Dutse a Tarihin Zazzau

Tarihin baka ya nuna cewa kafin birnin Zariya ya kafu sarakunan Zazzau sun zauna a Turunku, kudu da Zariya, kuma sun zauna a Kufena. Duka wuraren biyu gindin dutse ne. A cikin birnin kansa ma akwai Dutsen Madarkaci, wanda ganuwa ta kewaye. Jerin sunayen sarakuna ya sa sarautar Bakwa Turunku a wajen shekarar 1536, kuma ga 'yarsa Amina ake jingina ginin ganuwoyi masu yawa a ƙasar Hausa, ko da yake Tarihin Kano ya kawo labarinta tun a ƙarni na 15.

Ba Zazzau kaɗai ke da wannan hali ba. Kano ta tsiro a gindin Dala, Kwatarkwashi ma a gindin dutsenta. A shekarar 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayanin cewa duwatsun nan sun jawo jama'a ne saboda dalilai da dama: ƙasar gindinsu tana riƙe ruwa kuma tana da albarkar noma, samansu wurin tsaro ne da hangen maƙiyi, sa'an nan mutanen dauri sun ɗauke su mazaunin iskoki, suna kai musu bauta. A cikin shekarun 1970 kuma J. E. G. Sutton, shi ma na wannan jami'a, ya bi sawun tsofaffin ganuwoyin da ke tsakanin Kufena da Zariya, ya nuna cewa ganuwar da aka sani a yau ɗaya ce kawai daga cikin ganuwoyin da aka gina a zamani daban-daban.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka hau Kufena a wancan zamani larura ce ta hau da su. Sun hau don su tsira, ko don su yi bauta, ko don su yi tsaron gari. Ba su da kayan hawa sai tafin hannu da tafin ƙafa da sanin hanya. Abin da suka bari a wurin, kamar kufan gini da fasassun tukwane da guraben niƙa a jikin fa, shi ne takardar da masu binciken tarihi suke karantawa a yau. Dutsen ya riƙe amanar nan ɗaruruwan shekaru domin waɗanda suka yi amfani da shi ba su da abin da zai iya rusa shi.

Zamanin Ƙusa da Guduma

A Turai ne hawan dutse ya zama abin sha'awa. A shekarar 1786 waɗansu mutum biyu, Jacques Balmat da Michel Paccard, suka kai ƙololuwar Mont Blanc, dutse mafi tsawo a tsaunukan Alps. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta farko a Landan. Sannu a hankali sai masu wasan suka bar neman hanya mai sauƙi, suka koma neman bangon dutse da ke tsaye cak kamar garu.

Kafin a ci gaba ya kamata a fahimci yadda ake irin wannan hawa. Mutum biyu ne suke ɗaure da igiya ɗaya. Na gaba yana hawa, na baya yana ƙasa yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan. In na gaba ya yi nisa sai ya kafa wani abu a jikin dutse, ya rataya masa zoben ƙarfe mai ƙofa, ya zura igiyar a ciki. Idan ya suɓuce, na ƙasa ya riƙe igiya, abin da aka kafa ya tare shi. Wanda ya wuce makafarsa ta ƙarshe da kamu biyar zai faɗo kamu goma kafin igiya ta miƙe. Ashe ke nan ran mai hawa yana rataye ne ga ƙarfin abin da ya kafa.

A wajen 1910 masu hawa a ƙasashen Jamus da Ostiriya suka inganta wata ƙusa mai ido, wadda ake bugawa cikin tsaga da guduma. Ƙusoshin farko na ƙarfe mai taushi ne, suna lanƙwashewa su bi tsagar, galibi kuma a nan ake barinsu. A cikin shekarun 1940 wani maƙeri ɗan asalin Suwizalan mai suna John Salathé, wanda ya zauna a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya ƙera ƙusa ta ƙarfe mai tauri wadda za a buga a cire a sake bugawa. Da irin wannan ƙusa aka fuskanci manyan bangayen kwarin Yosemite, waɗanda dutsensu dangin na Kufena ne, sai dai ya fi shi ƙuruciya nesa ba kusa ba. A 1958 Warren Harding da abokansa suka gama hawan gaban El Capitan, bango mai tsawon kusan mita 900, bayan aikin fiye da kwana arba'in da buga ɗaruruwan ƙusoshi.

Ƙusa mai tauri ta zo da cutarta. Ba a cire ta sai an yi ta dukanta sama da ƙasa, kowane duka kuwa yana gutsurar bakin tsagar. Mutum ɗaya ba zai yi wata ɓarna ba, amma da masu hawa suka yawaita a shekarun 1960, sai siraran tsage-tsage suka koma jerin ramuka. Abin da ya ɗauki shekaru dubbai yana samuwa, 'yan shekaru kaɗan suka ishe shi lalacewa.

Tsakuwa da Noti

A Birtaniya an bi wata hanya daban. Tun a shekarun 1920 masu hawa a can sukan ɗebi tsakuwa a aljihu, in sun sami inda tsaga ta tsuke sai su cusa tsakuwar, su zagaya ta da igiya. Daga baya suka koma amfani da notin inji, irin wanda suke tsinta a gefen hanyar jirgin ƙasa, su goge zaren cikinsa su zura igiya. A 1961 John Brailsford ya ƙera noti na musamman domin wannan aiki.

Hikimar noti hikimar weji ce, wadda kowane masassaƙi ya sani. Ruwan gatari yana ƙara zama daram a ƙota ne da kowane sara, domin tsininsa yana daɗa kutsawa inda ramin ya matse. Haka notin yake, in an ja shi ƙasa sai ya ƙara cijewa, in an ɗaga shi sama ya fito ba tare da ya bar tabo ba.

A shekarar 1972 abin mamaki ya faru. Yvon Chouinard, wanda ya koya wa kansa ƙira a 1957, kuma kamfaninsa ke kan gaba wajen sayar da ƙusoshi a Amurka, shi da abokin aikinsa Tom Frost suka buga littafin tallan kayansu, suka roƙi masu saye su rage amfani da ƙusa su koma noti. A cikin littafin akwai maƙalar Doug Robinson a kan abin da suka kira hawa mai tsabta, watau mutum ya bar dutse kamar yadda ya same shi. Ba kullum ake samun maƙerin da zai kushe abin da yake ci da shi ba. A 1973 Robinson da Dennis Hennek da Galen Rowell suka hau babban bangon Half Dome ba tare da sun buga ƙusa ba, don su nuna abin mai yiwuwa ne.

Sai dai noti yana da iyaka. Yana bukatar tsagar da ta tsuke daga ƙasa. Da yawa daga tsage-tsagen irin dutsen Yosemite kuwa gefensu biyu a miƙe suke, faɗinsu ɗaya daga sama har ƙasa, noti ba ya samun wurin zama. A irin wannan wuri wa'azin hawa mai tsabta yana nufin mutum ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya cuci dutse ko ya sayar da ransa.

Ƙirar Maƙali Mai Sifirin

Mutane da dama sun nemi mafita. Vitaly Abalakov, injiniya a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ya ƙera wani ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke juyawa ya cije idan an ja shi. A 1973 Greg Lowe na Amurka ya nemi rajistar wata ƙira mai kama da wannan. Amma wanda ya haɗa dabarun suka zama abin dogara shi ne Ray Jardine, injiniyan da ya yi aikin lissafin tafiyar kumbo kafin ya koma hawan dutse. Ya yi shekaru yana gwada na'urarsa a asirce. An ce wata rana wani abokin hawansa yana son ya tambaye shi ko ya zo da kayan, ga kuma mutane a wurin, sai ya sakaya ya ce ko ya zo da abokan nan. Daga nan sunan Friends ya bi ta. A 1977 Jardine ya hau wata tsaga a Yosemite da ake kira Phoenix, wadda tana cikin mafi wuya da aka taɓa hawa a lokacin, da taimakon maƙalan nan. A 1978 kamfanin Wild Country, wanda Mark Vallance ya kafa a Ingila, ya fito da su kasuwa.

Siffar na'urar ba ta da wuyar ganewa. Akwai sanda wadda ake rataya igiya a gindinta. A kanta an gitta wani ɗan ƙarfe, a jikinsa kuma an jera kunnuwa huɗu na alminiyam masu juyawa, biyu suna duban dama, biyu suna duban hagu. Sifirin yana tura kunnuwan su buɗe. A tsakiyar sandar akwai abin ja kamar kunamar bindiga, an haɗa shi da kunnuwan da siririyar waya. Mai hawa ya ja kunamar da yatsu biyu, kunnuwa su tsuke, ya zura kan na'urar a tsaga, ya saki. Sifirin ya buɗe kunnuwan har su taɓa gefe biyu na dutsen. Duk wannan da hannu ɗaya ake yinsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali ɗaya hannun yana riƙe da dutse.

Mutane da yawa suna zaton sifirin ne yake riƙe mai faɗuwa. Wannan kuskure ne. Aikin sifirin kawai ya ajiye kunnuwa a jikin dutse kafin nauyi ya zo. Abin da yake riƙo shi ne nauyin kansa. Misalinsa kamar mai yasar rijiya ne da ya tokare ƙafa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Iyakar yadda ya sakar musu nauyinsa, iyakar yadda ƙafafun suke danna bangon rijiyar. Idan aka fizgi sandar maƙali ƙasa, kunnuwan suna neman juyawa su ƙara buɗewa, dutse kuwa ya hana su, sai jan ya koma tokara.

Asirin yana cikin lanƙwasar bakin kunnen. Jardine ya yi amfani da irin murɗin da ke jikin katantanwa, wanda masanin lissafi Jacob Bernoulli, da ya rasu a 1705, ya yi nazari mai zurfi a kansa. Halin wannan murɗi shi ne, ko ta ina aka taɓa shi kusurwar haɗuwar ba ta sakewa. Saboda haka ko kunnuwan sun tsuke ko sun buɗe, da kusurwa ɗaya suke tokarar dutse, maƙali guda ya yi aiki a tsage-tsage masu faɗi daban-daban. Kusurwar da aka tsayar wa Friends ita ce digiri 13.75. In an ƙara ta, maƙalin zai shiga tsage-tsage masu yawa amma zai yi saurin zamewa. In an rage ta, zai cije sosai amma amfaninsa ya taƙaita. Da wannan kusurwa, lissafi ya nuna cewa kowane gefe na tsagar yana shan tokarar da ta kai kimanin ninki biyu na ƙarfin da aka ja sandar da shi.

An ci gaba da gyara ƙirar. An maye sanda mai tauri da igiyar waya mai lanƙwasuwa, domin sandar tana iya karyewa a tsagar da ke kwance. A 1987 kamfanin Chouinard ya fito da Camalot, wanda kunnuwansa ke juyawa a kan ƙarfe biyu maimakon ɗaya, abin da ya ƙara yawan faɗin da maƙali guda zai iya cikewa. A yau ana yin su tun daga wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba har wanda ya fi tafin hannu, matsakaitansu kuma suna ɗaukar jan da ya kai nauyin tan ɗaya ko fiye.

Amfani da Shi da Iyakarsa

Kayan aiki ba ya maye gurbin gwaninta. Mai hawa yakan rataya maƙalai iri-iri a ɗamararsa, dole kuma ya iya auna tsaga da ido ya zaɓi daidai da ita. In ya sa wanda ya yi ƙanƙanta, kunnuwa za su buɗe har ƙarshe, ba sauran abin tokarawa. In ya sa wanda ya yi girma, zai shige a matse ya ƙi fita. Dole sandar ta fuskanci inda jan zai fito. Motsin igiya kuma yakan sa maƙalin ya yi ta rarrafawa cikin tsagar har ya bar inda aka ajiye shi, don haka ake ƙara masa ɗan madauri mai tsawo.

Babban sharaɗi shi ne lafiyar dutsen. Da yake maƙalin ninka ƙarfi yake yi ya tura gefe, in aka sa shi bayan ɓawon dutsen da ya riga ya saki, zai ɓamɓare shi ne ya faɗo da shi. Wannan ya shafi irin duwatsun ƙasar Hausa ƙwarai, domin bisa ga halittarsu sukan yi ɓawo-ɓawo kamar albasa, zafin rana da sanyin dare kuma suna daɗa sassauta ɓawon. Haka nan tsaga mai gansakuka ko laka ko ruwa tana rage cizon kunnuwan. Bayan na gaba ya kai masauki, na baya yakan biyo yana jan kunama yana cire maƙalan ɗaya bayan ɗaya, a bar tsagar ba alamar an bi ta.

Ba kowa ne ya yi maraba da na'urar ba da fari. Waɗansu tsofaffin hannu sun ce ta sauƙaƙa abin har ta rage masa daraja, waɗansu kuma tsadarta ta dame su. Amma ba a daɗe ba ta zama kayan kowa. Duk da haka ba ta kawo ƙarshen ɓarna ba. A farkon shekarun 1980 Jardine da kansa ya sassaƙa matakai a jikin El Capitan don ya wuce wani wuri da ya gagare shi, kuma har yau ana tuna masa wannan. Mutumin da ya ƙera abin da ya ceci tsage-tsage shi ne ya sa kurfi a jikin bango.

Kammalawa

Tarihin nan yana da matakai uku. Da fari an ga ɓarna, aka yi kira a 1972. Sa'an nan aka sami kayan aikin da ya sa bin kiran ya zama mai sauƙi a 1978. A ƙarshe aka gane cewa ko da kayan aiki, sai da tarbiyya da idon jama'a. Da kira kaɗai aka tsaya a kai, da mai hawan da ya ga mutuwa a gabansa ya ci gaba da buga ƙusarsa, ba kuwa mai ganin laifinsa.

A Nijeriya akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ganuwar Zariya da Kufena kuma suna cikin wuraren da aka keɓe. Amma ganuwar, wadda kewayenta ya kai kilomita 14 zuwa 16, ta zube a wurare da yawa, inda ruwa ya ci, inda aka ɗebi ƙasarta aka yi gini, inda gidaje suka hau kanta. A sassa da yawa na ƙasar Hausa kuma ana fasa duwatsu ana sayar da tsakuwa. Mai ɗibar ƙasar ganuwa ɗaki yake nema, mai fasa dutse kuma abincin iyalinsa yake nema. Matsayinsu ɗaya da na mai ƙusa da guduma kafin 1978.

Saboda haka aikin da ke gaban ma'aikacin hukuma ya wuce kafa allon gargaɗi. Sai an nuna wa magini inda zai ɗebi ƙasa, an keɓe wa mai fasa dutse dutsen da ba ya ɗauke da tarihi, an kuma sa mutanen da ke zaune a gindin Kufena sun ga amfanin tsayuwarsa a aljihunsu, ta hanyar ja-gorar baƙi da ɗalibai da tsaron wurin. Aikin ɗalibi kuwa, musamman na fannin injiniya da na tarihi, shi ne ya tuna cewa maƙeri biyu da injiniya ɗaya ne suka sauya al'adar dubban mutane, da ƙarfen da bai cika tafin hannu ba da lissafin da ke jikin katantanwa. Ganuwar da ta zube ana iya sake ɗora ta da tubali da jar ƙasa, kamar yadda magabata suka riƙa yi da aikin gayya. Gurbin niƙan da aka fasa aka loda a tifa kuwa ya tafi ke nan.